Mai Usur Ya Tsaya a Gefe

Ranar da ta fara aiki a makarantar, tana cikin rubuta kwanan wata a allo wani dogon saurayi ya leƙo ajin, usur rataye a wuyansa.

"Sannu da zuwa, Malama. A ara mini alli biyu, da wancan kwalin na bayan ƙofa."

"Kai ne wa?"

"Malamin wasanni."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Malamin wasanni ne yake roƙon kwali? Ina ƙwallonka?"

"Ta fashe tun bara," ya ce yana murmushi. "Ki fito da 'yan ajinki ki ga aikin kwali."

Ta fito da su don ta ga ƙarshen cika baki. Ya ja layi biyu a simintin gaban azuzuwa, ya ce tsakaninsu kogi ne. Ya raba yaran takwas-takwas, ya ba kowace ƙungiya yankin kwali uku. Ba a taka ƙasa sai kwali, kuma ƙungiya ba ta ci ba sai na ƙarshenta ya haye.

Masu rawar kai suka haye da kwalayen, suka bar sauran suna ta gardama a baya. Ta buɗe baki za ta ce wani ya koma musu da kwalayen, sai ya ɗaga mata hannu.

"Bar su, Malama. In kika faɗa musu za su haye, amma ba su koyi komai ba."

Ya goya hannuwa a baya yana kallo. Can wata 'yar siririyar yarinya ta kwashi kwalayen ta koma ta ɗauko 'yan'uwanta, filin ya kaure da tafi. A nan Malama ta ji wani abu ya ɗarsu a ranta game da shi.

Maganarsa gaskiya ce, kuma a filin wasa tana aiki. Abin takaicin shi ne, bawan Allahn nan ya ɗauka ko'ina filin wasa ne.

Kafin zangon karatu ya ƙare ta raɗa masa Mai Usur, shi kuma yana ce mata Kyaftin. Tare suke ƙirƙiro wasanni: na ɗaure ƙafar yara biyu da tsumma, na miƙa ƙwallon safa ba da hannu ba, na jagorantar wanda aka rufe wa ido da murya kawai. Lokacin hutun tara ma, ajinta na kallon ofishinsa, amma sai saƙo ya shigo:

"Kyaftin, na ƙirga yara sau uku yau ina ɓata lissafi. Laifinki ne, da kika tsaya a bakin taga."

"To gobe zan rufe tagar, Mai Usur, kar a kore ka."

"Ki rufe ki gani in ba na aro tsani ba."

Mamanta ce ta fara gano zancen, don ba a banza 'ya take tattara tsofaffin safunan gida ba. Maimakon faɗa, sai Mama ta karɓi aikin. Ita take cusa safa da tsumma ta ɗinke, ta aika masa da ƙwallaye cikin leda. Ranar da ya zo gaishe ta har ƙasa ya durƙusa, ta ce, "Tashi, ɗana. Mai haƙuri da 'ya'yan mutane ba zai wulaƙanta tawa ba."

Baba kuwa, tsohon direba ne mai kafiya. Ya saurari saurayin minti biyar a falo, ya tambaye shi aikinsa.

"Wato guje-guje da yara ake biyanka ka yi? Da kwali?" Ya girgiza kai. "Ban amince ba."

Da ma akwai ɗan amininsa, ma'aikacin banki mai mota, wanda ya daɗe yana sintiri a ƙofar gidan.

Da yamma Malama ta tura wa Mai Usur saƙo:

"Baba ya ƙi. Mama ta ce ka dawo, za ta yi masa magana. Ina jin tsoro. Me za mu yi?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Yana sonta kamar ransa, kuma a ganinsa wanda kake so ba ka tsaya masa a kai. Ya rubuta:

"Na yarda da ke, Kyaftin. Na san za ki samo hanya. Ba zan matsa miki ba, ba zan shiga tsakaninki da Baba ba. Ina nan ina jira."

Ya tura yana jin ya yi abin kirki. Ita kuwa ta karanta sau uku, ta kifa wayar ta yi kuka. Ta tambaye shi me za su yi, an amsa mata da abin da za ta yi.

Ta jira ya dawo gidan, bai dawo ba. Shi ma yana jira ta ce ta shawo kan Baba. A makaranta gaisuwa ta koma sama-sama. Da hutu ya zo ta nemi canjin makaranta aka ba ta. Ya ji labarin motar ma'aikacin banki a ƙofar gidansu, ya ce a ransa ta zaɓa ke nan, ya haɗiye. Bai san tuni ta ba mutumin haƙuri ba.

Shekara ɗaya da rabi suka tafi a haka. A ciki ciwo ya kwantar da Mama, kuma ba ta tashi ba. Ya je gaisuwa, ya yi addu'a cikin mutane, ya fito bai nemi ganin kowa ba, wai kar ya ƙara wa Malama damuwa.

Wani taron horar da malamai ne ya haɗa su. An gayyace shi ya nuna yadda ake wasanni ba kayan aiki, ya ja layukansa, ya raba malamai ƙungiya-ƙungiya, sai ga ta a layi na biyu, ta rame. Da aka tashi ya same ta a baranda.

"Kyaftin."

"Kar ka kira ni haka."

"Na jira ki. Wallahi ban daina jira ba."

"Na sani. Ka iya jira." Muryarta ba ta tashi ba. "Yaran da kake bari su nemi hanya, su nawa ne a ƙungiya?"

"Takwas."

"Ni kaɗai ka bari. Ka goya hannu a baya kana kallona, kamar kai ne alƙalin wasan. Ai kai ɗan ƙungiyata ne, Mai Usur. Mu biyu ne kacal, kuma ɗaya ya fita ya tsaya a gefe."

Shekara shida yana koya wa yara kar su bar na baya, bai taɓa ganin kansa a ciki ba. Kunya ta rufe shi, da baƙin cikin da bai san inda zai ajiye ba.

"Ki yafe mini."

"Ba da ni za ka fara ba."

Washegari bayan an tashi makaranta ya je wurin Baba. Baba ya amsa gaisuwa ya ci gaba da sauraron rediyo. Ya koma mako na gaba, da na gaba. A zuwa na huɗu tsohon ya kashe rediyon.

"Sau ɗaya na ce maka a'a, ka ɓace. Wace irin zuciya ce wannan?"

"Kuskure na yi, Baba. Na ɗauka biyayya ce."

"Uwarta ta shawo kaina tun wata na biyu. Girman kai ya hana ni aika maka. Na ce in da gaske yake zai dawo." Ya share ido da bakin riga. "Ko a asibiti ta tambaye ni, yaron nan bai zo ba? Na ce mata zai zo. Ni da kai duk mun cuce ta. Je ka, na ba ka."

A ƙofar gida ya tsaya ya rubuta mata:

"Baba ya amince. Daga yau duk abin da ya same ki, ni da ke ne a ciki."

Amsar ta zo a taƙaice: "Allah ya sa, Mai Usur."

An yi bikin cikin hutun ƙarshen shekara, malaman makarantu biyu suka cika gidan. Da za a fita da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a nasa, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai jin ƙai, ya sa kar ɗayansu ya sake barin ɗaya shi kaɗai. Jama'a suka amsa da amin.

A tsakar gida ta ja ta tsaya a ƙofar ɗakin Mama, wanda yake rufe. Ya tsaya kusa da ita.

"Na makara," ya ce a hankali.

"Ka makara," ta ce, hawaye na zuba. Ba ta saki hannunsa ba. "Zo mu yi mata addu'a tare, sannan mu tafi gida."