Igiya Mai Ƙulli Biyu

Da hantsi wata dattijuwa ta shigo ofishin 'yan sanda, ta ce an sace motar mijinta marigayi.

Sufeto ya bi ta gida. Garejin wayam, sai ƙura da ke yawo a hasken taga da sawun taya huɗu.

"Yaushe rabon a hau ta, Mama?"

"Shekara tara. Bayan ya ajiye ta ne aka ƙara ginshiƙi, ƙofa ta matse, ba ta iya fita. Kafin a gyara, Allah ya yi masa rasuwa." Ta kalli inda motar take a da. "Kullum da la'asar nakan shiga in zauna a kujerata. In na rufe ido sai in ga muna tafiya, bishiyoyi na wucewa. Har yau akwai ƙamshinsa a ciki. Ita kaɗai ta rage mini."

Tausayinta ya kama Sufeto. Ya shafa ƙofar, fenti ko gama bushewa bai yi ba.

"Wannan ai sabuwa ce. Ginshiƙin ma babu shi."

"Auta ne, ƙanin mijina, ya ce tsohuwar ta yi tsatsa. Ina gidan 'yata aka sauya."

Da Sufeto ya je wurinsa, Auta, mai furfura har gemu, ya rantse ya maya. "Ni ko garejin ban shiga ba, ranka ya daɗe. Mai walda ne ya zaɓi faɗin."

Mai walda kuwa cewa ya yi duk ƙofofinsa awonsu ɗaya. Sufeto ya ɗauki tef ɗin awo ya gwada guda uku da ke jingine a shagon. Kowacce ta fi ta Mama ƙanƙanta.

"To fa! Har ginshiƙi ka rushe saboda tsatsa?"

Mutumin ya sunkuya. Ya jawo wata igiya daga ƙarƙashin tebur. "Auta ya kawo mini. Ya ce daga ƙulli zuwa ƙulli, in ƙara yatsa huɗu kowane gefe."

Sufeto ya miƙe igiyar a gaban wata mota irin wadda aka sace da ke bakin titi. Ƙulli ɗaya ya tsaya a madubin dama, ɗayan a na hagu, cif.

A bayan gidan Auta suka sami motar Mama, lulluɓe da tamfol, an wanke ta tas, tayoyi cike da iska.

"Wanda bai shiga gareji ba, yaya aka yi ya san faɗinta har da madubai?" in ji Sufeto.

Auta ya zauna a ƙasa. "Ni ne. Janyo ta na sa aka yi. Tun tana sabuwa Yaya bai taɓa bari na riƙe sitiyarin ba. Shekara tara ina mafarkin ina tuƙa ta. Sau ɗaya kawai nake so."

Da la'asar aka mayar da motar. Ta shige sabuwar ƙofar sumul, ko madubi bai goga ba. Mama ta buɗe, ta shaƙa. Sabulu kawai ta ji.

Wani kofur na shirin tafiya da Auta, sai ta kira ƙanin mijin nata.

"Auta, da ka tambaye ni ai da na ba ka makulli. Ni ma shekara tara nake jiran mai tuƙa ni."

Bai iya ɗaga kai ba har aka sa shi a motar 'yan sanda.