Muryar Mama a Baƙin Allo

Mai studiyon bai jira an ba shi kujera ba. Ya faɗo ofishin Sufeto da hantsi, riƙe da hannun editarsa, mai tace masa fim, kamar wanda ya kamo ɓarawon akuya.

"Yallaɓai, ga ta nan. A rufe ta, in da hali a jefar da makullin."

Sufeto ya ajiye biro. Zamansa a sashen laifukan kwamfuta ya koya masa cewa duk mai ƙarar da ya zo da mai laifinsa a hannu, sai an sake duba maganarsa.

"Sake ta tukuna. Me aka yi?"

"Muryar mahaifiyata aka goge. Hirarrakin da muka ɗauka kafin ta rasu, addu'o'inta, dariyarta, duk suna cikin kwamfutar studiyo, kuma babu wani kwafi. Wallahi sai na ga bayan wanda ya yi mini wannan!"

Editar ta share hawaye da bakin gyale. "Yallaɓai, ni na buɗe na ga wayam, ni na gaya wa Oga. Laifina ke nan."

Sufeto ya kira Kofur ɗinsa, duk suka ɗunguma zuwa wurin. Studiyon ɗaki ne guda, an manna soso a bango, wayoyi sun barbazu a ƙasa. Kwamfutar irin mai ɓangare biyu ce, da an kunna ta sai ta tambayi wanda za a shiga. Ɗaya shi ne wanda kowa ya sani, a ja linzami a danna. Ɗayan kuwa baƙin allo ne, sai ka rubuta masa umarni: shiga folda kaza, kwafe kaza, goge kaza. Muryar Mama tana wurin farko da mutum ke sauka in ya shiga baƙin allon.

"Su wa suka san kalmar sirri?" in ji Sufeto.

"Ni, da ita, da Auta ƙanena. Amma shi na sallame shi tun watan jiya."

"Ka karɓi makullin ɗakin?"

Mai studiyon ya sosa ƙeya. Bai karɓa ba.

Sufeto ya zauna ya kira jerin umarnin da aka ba kwamfutar a baya. Na ƙarshe guda biyu ne, an rubuta su a jere. Na farko ya ce a shiga foldar sabon fim. Na biyu ya ce a goge duk abin da ke wurin.

Ya sake rubuta na farkon da hannunsa. Nan take allon ya amsa cewa babu wata folda a wannan wuri.

"Ka ga inda gizo ke saƙar?" in ji Sufeto, sai ya ga mai studiyon bai ga komai ba. "Wanda ya yi wannan, fim ɗinka ya zo gogewa. Ya ce a kai shi ɗakin fim, ƙofar ba ta buɗe ba, shi kuma bai tsaya ya duba ba. Yana nan tsaye a inda ya fara sauka ya ce a share. Muryar mahaifiyarka ya share."

Ya juya ga editar. "Malama, ina fim ɗin yake?"

"Na mayar da shi ɗaya ɓangaren, Yallaɓai. Wannan ya cika, Oga ya ce in kwashe."

"Yaushe?"

"Bayan tafiyar Auta."

Ta rubuta umarni ba tare da ta ko kalli yatsunta ba, sai ga fim lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Wadda ta ɗauke kaya da hannunta ba za ta je nemansu a tsohon wuri ba.

"Me ya raba ka da ƙanenka?"

"Gardama ce kawai. Na cire sunansa daga fim ɗin."

"Wa ya haɗa sautin?"

"Shi ne, amma ai studiyona ne."

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Ba ya son irin waɗannan yayyen, masu cinye wahalar ƙannensu su goge baki. Amma haushin da ke cinsa ya fi karkata ga wanda zai bar baiwar Allah ta kwana a sel saboda faɗan da babu ruwanta.

"Kira shi. Kuma in ka kuskura ka faɗi abin da aka goge, kai zan fara rufewa."

Auta ya iso da azahar, fes da shi, yana ƙamshin turare, fuskarsa ɗauke da jimamin aro.

"Yaya, ashe abin da ya faru ke nan? Fim guda cur! Allah ya mayar da alheri."

"Wa ya ce maka fim ne?" in ji Sufeto.

"Ai... haka na zata, Yallaɓai."

"Ka iya aiki da baƙin allo?"

"Ni? Ko kusa. Linzami kawai na sani."

"Shi ya koya mini," in ji editar a hankali.

Sufeto ya tura masa kujera. "Zauna ka nuna mini inda fim ɗin yake zama."

Auta ya zauna. Kofur ya matso ya tsaya a bayansa, sai Auta ya rubuta. Wurin da ya rubuta shi ne tsohon nan da ke cikin jerin umarnin, kuma allon ya sake cewa babu. Auta ya ƙura wa amsar ido, wannan karon ya karanta ta.

"To, ni ne!" Ya miƙe tsaye. "Ni na goge, kuma ban yi nadama ba. Na ƙare idona da kunnena a kan fim ɗin nan, ya kankare sunana kamar datti. Na ce yadda ya goge ni, haka zan goge shi."

Sufeto ya yi wa editar alama, ta kunna fim ɗin. Kiɗan da Auta ya haɗa ya cika ɗakin.

"To... me na goge?"

"Duba inda kake tsaye," in ji Sufeto.

Auta ya dubi saman allon, ya gane wurin. Shi da kansa ya riƙe makirfo a gefen gadon asibiti, shi ya zuba hirarrakin a nan don su fi kusa da hannu. Ya juya ga yayansa.

"Yaya, har wadda take sa mini albarka?"

"Kada ka sake ce mini Yaya. Yallaɓai, a kai shi kotu, ko dangi duka za su durƙusa ba zan janye ba."

"Za a kai shi," in ji Sufeto. "Kai kuma ka ba yarinyar nan haƙuri a gabana, yanzu."

Editar ba ta jira haƙurin ba. Ta ajiye makullinta a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita.

Kofur ya sa wa Auta ankwa. A bakin ƙofa Auta ya waiwayo.

"Yallaɓai, ko guda ɗaya ba za a iya dawowa da ita ba?"

"Za a gwada, amma kada ka sa rai," in ji Sufeto. "Ka iya aikinka, ka share ta tas. Mu je."