Hoton da Ruwa Ya Ci

Ranar kamun Khadija, gidan Malam Fannami da ke Haɗejia ya cika maƙil da mata. Bushira mai kwalliya tana gama gyara fuskar amarya, tana ta sunne kai, don nan ne gidan surukanta na gobe. An sa ranarta da Abdulmannan, yayan amaryar, saura wata biyu.

Tana tattara hoda da jagira sai aka ce Iya Mairam na kira. Ita ce mahaifiyar Malam, wadda ambaliya ta rushe wa ɗaki a Kirikasamma aka dawo da ita gari.

"Shigo, mai ƙwace min miji," in ji tsohuwar. "Turo ƙofar. Ke, kin iya kwalliyar matan silima na da? Kwalli mai jela har gefen ido, gira kamar jinjirin wata?"

"Iya! Ina kika san su?"

Tsohuwa ta yi ƙasa da murya. Tana amarya, marigayi mijinta ya kai ta Nguru, ya shiga da ita silima a ɓoye. Washegari ya sayo mata janbaki, ta yi kwalliyar matar da suka gani, har da ɗigon katambiri a kumatu, suka ɗauki hoto. Shekara hamsin hoton yana ƙasan adakarta, ruwa ya zo ya ci.

"Gero ya tafi, awaki sun tafi, ban yi kuka ba. Hoton nan na yi wa kuka. Yanzu in na rufe ido fuskarsa ma gudu take yi min. So nake in ƙara ganin yarinyar cikin hoton nan sau ɗaya — amma ki rantse min, wancan ba zai ji ba."

Wancan shi ne Malam, ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Yaya za ta dube shi, mai ja wa mutane salla, ya san uwarsa ta taɓa shiga silima? Bushira ta ɗauki alkawari. Abdulmannan kaɗai aka sa a ciki, shi ma da rantsuwa.

Kwana uku tana gwadawa a fuskarta, tana gogewa. Ran na huɗu ta ja kwallin ya fita daidai, ta yafa gyale, ta ɗauki hoto ta tura wa Abdulmannan ya nuna wa Iya ko haka ne. To, kun san yaran yanzu da rawar hannu. Maimakon ya ajiye, sai ya danna shi cikin guruf ɗin dangi. Kafin ya goge, Gwaggo Ummussalma ta gani, ta kai wa yayanta.

"Yaya Malam, dubi abin da za a kawo mana! Wannan 'yar fim ce ko matar aure? Gidan allo da tawada fa!"

Malam ba mai hayaniya ba ne. Ya dubi hoton sau ɗaya ya kife wayar, ya aika gidan su Bushira cewa a dakata da maganar tukuna. Dakatawar irin wannan kuwa kowa ya san inda take ƙarewa.

Abdulmannan ya zo da la'asar, ya tsaya a zaure idonsa jajir.

"Laifina ne, Bushira. Wallahi yau zan faɗa wa Baba komai!"

"Ka faɗa masa me? Ka tona tsohuwa a gaban ɗanta don mu sha biki?"

"To sai mu rasa juna a kan hoto? Haba, dis is tu moc!"

"Ni ma zuciyata ba dutse ba ce." Hawaye ya zubo mata, ta sa gefen hijabi ta share. "Amma ta ce in turo ƙofa kafin ta yi magana. Ni ba zan buɗe ƙofar nan ba. In kai rabona ne, Allah ya san hanya."

Uwarta ta tambaye ta har ta gaji, ta yi faɗa, ta yi lallashi. Amsa ɗaya ce: gwaji ne kawai, Umma. Amare biyu suka fasa kiranta. In ta fita, sai ta ji ana cewa ga 'yar Indiya nan. Ta rame, amma bakinta bai buɗe ba.

Iya Mairam kuwa an ɓoye mata, wai kada jininta ya hau. Sai da mako uku ya wuce ta tsare Khadija da ta zo gaisuwa, ta ce me ya sa mijinta Abdulmannan ya daina cin tuwo? Yarinya ta kwashe komai ta faɗa.

Hantsin Juma'a sai ga Keke Napep a ƙofar su Bushira. Tsohuwa ta sauko da sandarta.

"Ke, don Allah wace irin yarinya ce? Aurenki na mutuwa kina kallo?"

"Kin ce in rantse, Iya."

Tsohuwa ta nemi wuri ta zauna. "Ɗauko kayanki. A fuskata za ki yi. Sannan a kira min wancan."

Bushira ta fara. Fatar ta yi laushi, kwalli na son bin tamoji, sai ta bi a hankali, ta ja jelar, ta lanƙwasa girar, ta ɗiga baƙi a kumatu. Da ta miƙa madubi, Iya ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ga ta nan," ta ce. "Shi kuma a nan ya tsaya, hularsa a karkace." Ta yi dariya, hawaye na wanke kwallin.

A haka Malam ya yi sallama, Gwaggo na bayansa. Ya ɗaga ido ya ga uwarsa, ya durƙusa bai shirya ba.

"Iya... mene ne haka?"

"Abin da ka kori 'yar mutane a kansa. Ni na sa ta. Ubanka ne ya fara saya min janbaki, shi ya kai ni silima, kuma a wajensa ka koyi Fatiha. In wannan fuskar ba ta dace da gidanka ba, to a mayar da ni Kirikasamma."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki. Malam ya juya ga Bushira.

"'Yata, kalma ɗaya da ta wanke ki. Me ya hana?"

"Ba tawa ba ce, Baba. Ajiya aka ba ni."

"Na yi hukunci da ido ban tambaya ba. Ki yafe min. Ranar tana nan yadda aka sa ta."

An ɗaura aure bayan kaka. Hoton Iya na biyu, wanda aka ɗauka ranar da aka yi mata kwalliyar, yana bangon ɗakin Bushira, sama sosai inda ruwa ba ya kaiwa.

To jikokina, ku ji da kyau. Kwalliya da ruwa ake wanke ta, ba a auna mutum da ita. Ku iyaye, ku tambaya kafin ku yanke. Ku 'yan mata, in an ba ku amana ku riƙe ko da za ku yi kuka, don wanda ya ga kun riƙe ta wani, shi zai ba ku tasa.