Faifan Surayya

"Ki kwashe kayanki daga garejin nan yau, Hansai! An gama ajin fim a gidana!"

Baba ne ke faɗa a tsakar gidansu da ke unguwar Bekaji a Jimeta. Hansai ta tsaya riƙe da kamara. Shekara biyu ke nan duk Asabar tana tara yara 'yan sakandare goma sha huɗu a garejin, tana koya musu rubuta labari da ɗaukar hoto da haɗa shi a kwamfuta, kyauta. Baban ne ma ya saya musu bencuna.

A kan tabarma kuwa Adda Nata'ala ce zaune, yayar Hayatu, saurayin Hansai da aka sa musu ranar aure bayan Babbar Salla. Tun daga Yola ta hawo Keke Napep don wannan magana.

"Gaskiya na faɗa, Alhaji," in ji ta. "Maza da mata a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, wai fim! Ni na riƙe Hayatu tun rasuwar Dada mahaifiyarmu, kuma ba zai auri mai lalata 'ya'yan mutane ba. Mun fasa!"

"Saboda ƙarar keke muke rufe ƙofa in za mu ɗauki murya!" Hansai ta juya ga Hayatu da ke tsaye bakin zaure. "Kai ka san ajin nan. Ka yi magana mana!"

Hayatu ya sunkuyar da kai. Ko uffan bai ce ba.

Kafin mako ya zagayo zancen ya gama unguwa. Iyaye suka hana 'ya'yansu ko gaishe ta, wata uwa har tofar da yawu ta yi da Hansai ta wuce. Kwana uku tana kuka, a na huɗu hawayen suka ƙafe, sai ƙunar zuciya.

Akwai abin da Nata'ala ba ta sani ba. 'Yarta Surayya, mai shekara sha biyar, ta yi wata biyar tana zuwa ajin a ɓoye da sunan lesin, kuma Hayatu ne da kansa ya kawo ta. Wata rana Hansai ta sa kowane ɗalibi ya zauna gaban kamara shi kaɗai ya faɗi abin da ke damunsa. Surayya ta faɗa tana kuka cewa babanta ba aiki ya tafi Legas ba kamar yadda uwarta ke gaya wa mutane. Sakin uwar ya yi tun bara waccan, ita kuma take ɓoyewa, ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta fito ta huce a kan 'yarta.

Hansai ta buɗe kwamfuta ta nemo faifan. Ta yanke shi ya dawo minti ɗaya, ta zaɓi wuraren da suka fi ciwo, ta rubuta a sama: "Mai gyaran tarbiyyar 'ya'yan wasu."

"Wallahi sai Yola da Jimeta sun kalle ki yadda aka kalle ni!" ta faɗa tana cizon leɓe.

Da hantsi sai ga Hayatu ya yi sallama. Ta fito zaure ta kunna masa, tana kallon yadda fuskarsa ke sauyawa.

"Hansai, don girman Allah..."

"Au! Yau bakinka ya buɗe? Da azahar zan sa shi a Fesbuk."

"Na yi laifi, tsoro na ji. Ita ta goya ni. Amma Surayya fa? Da wace fuska za ta shiga makaranta gobe?"

"Ni da wace fuska nake fita? Tashi ka bar mana gida!"

Ta koma ɗaki. Ta ɗauko asalin faifan don ta ƙara gyara sautin, sai ya fara daga wurin da ta yanke. Muryar Hansai ce ta fito, a sanyaye: "Kada ki ji tsoro, daga ni sai ke." Yarinyar ta goge ido ta kalli kamara. "Na yarda da ke, Anti."

Hansai ta daɗe zaune. Aka kira azahar, aka idar. Sannan ta goge faifan da ta haɗa, ta goge asalin.

"Ban yafe ba," ta faɗa a fili tana kuka. "Amma ba da yarinyar nan zan rama ba."

Washegari Hayatu ya durƙusa gaban Baba ya faɗi duk abin da ya sani game da ajin. Daga nan ya wuce Yola ya gaya wa yayarsa cewa shi ya kai Surayya. Nata'ala ta mari yarinyar, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar ƙanenta.

Surayya ba ta daina ba. Da wayar kawunta Hayatu ta riƙa ɗaukar hoton hannun uwarta a ɓoye, yana ɗinki, yana tuƙa tuwo, yana tsefe wa ƙannenta kai. Ta haɗa fim na minti huɗu, ta ajiye mata wayar a kan keken ɗinki.

Ranar wata Laraba Nata'ala ta yi sallama a Bekaji, ita kaɗai.

"Ke kika koya mata wannan?"

"Ni ce."

"Ta ce ta gaya miki zancen babanta, har kin ɗauka. Duk abin da na yi miki, kika yi shiru?"

"Saura ƙiris ban yi shirun ba, Adda."

Nata'ala ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na girgiza. Da ƙafarta ta bi gidajen iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya tana janye maganarta. Baba ya sake buɗe garejin, tara cikin sha huɗu suka dawo, sauran har yau ba su zo ba. Shi kuwa Hayatu sai da ya yi wata biyar yana sintiri kafin Hansai ta sake yi masa murmushi, sannan aka ɗaura aure.

Wanda aka zalunta yakan ga kamar ramuwa ce kaɗai za ta sanyaya masa rai, alhali sau da yawa marar laifi take faɗa wa. Hansai ta danne fushinta ta riƙe amanar ɗalibarta, Allah kuma ya wanke ta da bakin wadda ta ɓata ta.