Hanyar da Ke Tsakanin Kukoki Biyu

A shekarar 1998 aka ba Mainasara, mai zanen gine-gine, aikin tsara harabar wata sabuwar jami'a a gefen Burumburum. Mutum ne mai son a ce ya iya. Ya rantse ba zai sare itace ko ɗaya ba, gini ne zai bi daji. Ya ɗauki hoton kowace kuka da ɗorawa ya zuba a kwamfuta, ya jona mata wani ƙaton tabarau da ya aro daga ƙasar waje. In ka ƙwama shi, sai ka gan ka tsakiyar kurmin kana yawo.

Ranar ɗaukar hoton, wani dattijon makiyayi, Ubale, ya tare shi.

"Ɗan nan, wurin nan da masu shi, ba a shigarsa sai da sallama. Tsakanin kukokin can biyu kuma hanyarsu ce, ko shanunmu ba sa kwanciya a kai."

Mainasara ya yi sallamar don kunyar furfura. Amma a zanensa, kan hanyar nan ya dasa ɗakin karatu, wai ta fi inuwa.

Ranar Laraba gab da magariba, a masaukinsa na Tudun Wada, ya tada janareto ya ƙwama tabarau. Wa zai yi wa hoto sallama? Kai tsaye ya faɗa ciki.

Ga kukokin, ga gininsa, gwanin sha'awa. Sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa. Na'ura kuwa ba ta da ƙanshi.

Janareto ya yi tari ya mutu. Da kunnensa ya ji. Hoton bai ɗauke ba.

Takun sawu a kan busasshen ganye. Da yawa. Suka iso jikin bangon ɗakin karatun, suka tsaya.

Ya kai hannu zai cire tabarau. Fuskarsa kawai ya shafo.

"Baƙo," in ji muryar wata tsohuwa, ƙasa-ƙasa, a bayan kunnensa. "Ka shigo ba sallama."

"Iya, zane ne. Wallahi zane ne kawai."

"Ka kwaso gidanmu, ka toshe mana hanya. Ta ina za mu wuce?"

Yatsa mai sanyi ya sauka kan idonsa na hagu.

"Sai dai ta nan."

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi juyawa. Da ƙyar ya iya fizgo sallama. Can nesa ladan ya kwaɗa kiran salla, tabarau ya faɗo kan cinyarsa.

Washegari ya goge ɗakin karatun, ya bar tsakanin kukokin fili fetal. Amma ya makara. Likitocin Kano sun ce idon lafiya lau yake, shi kuwa har yau ba ya ganin komai da shi sai kurmin nan. Kullum magariba idon yakan kawo ruwa, Mainasara ya zauna, ko ƙiftawa ba ya yi, har sai na ƙarshensu ya wuce.