Hatimi Mai Layuka

Tasalla mai abinci ce ta fara gane naman. Da hantsi ta shigo caji ofis na Jega riƙe da cinyar saniya a buhu, ta zube ta gaban Sajan Mamuda.

"Yallaɓai, shekarata ashirin ina dahuwa. Wanga nama jini bai hita cikinai ba. Mushe ne."

Naman ya yi baƙi ƙirin. Ga kuma hatimin shuɗiyar tawada a jikinsa raɗau, shaidar cewa an duba dabbar kafin yanka. Hatimin nan ɗaya ne tak, yana hannun Malam Ubaidullah mai duba nama.

Mamuda mutum ne mai gaggawa, ga son a ce ya iya aiki. Kafin azahar ya sa wa dattijon ankwa a tsakiyar kasuwa, mahauta na kallo, mata na Allah wadai.

"Wa ka taɓa ba hatimin ga aro?"

"Ko ɗiyana ba su taɓa shi."

"To aljanu sunka buga?"

Ubaidullah ya zaro hatimin daga aljihu, ya ce a gwada. Aka buga a takarda, rubutu ya fito sumul. Mamuda ya duƙa kan naman, sai ya ga wasu layuka sirara jere cikin tawadar, kamar zanen babban yatsa. Na takardar ba shi da layukan nan, amma bai saki dattijon ba.

Rilwanu, mahaucin da ya sayar wa Tasalla naman, ya rantse cewa direba ne ya kawo masa daga wajen Maiyama, ya ga hatimi, bai yi tambaya ba. Direban ya ce a bakin titi aka loda masa, mai kayan kuma ya rufe fuska da rawani. Saura wadda Malam Ubaidullah ya ce ita ta ƙera masa hatimin.

A Aliero ya same ta, Husna, cikin wani ƙaramin shago mai warin roba. Ta nuna masa aikin ba tare da tsoro ba. Inji ne ke fitar da siffar abu da roba, layi bisa layi. Sai ta zuba silikon a kai, ya daskare ya zama mazubi mai laushi. A cikin mazubin take zuba rezin, ruwa mai kauri da ke ƙanƙarewa ya yi tauri.

"Silikon ba ya rufa wa kowa asiri, yallaɓai. Ko gashi ya faɗa, sai ya hito. Shi ya sa nake goge robar da samfefa kahin in zuba."

Ya nuna mata hoton naman. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga daga mazubina na hwarko ne. Na manta ban goge ba, layukan sunka hito, na sake wani."

"Ina na farkon?"

Ta dube shi da mamaki. "Ai yana wurinka."

"Wurina?"

"Yayanka ya taho, Yari mahauci. Yac ce kai ka aiko shi, wai doka ta ce 'yan sanda za su ƙone shi. Har rezin ya saya, wai zai gyara ƙotar wuƙa. Don sunanka na ba shi."

Mamuda ya rasa inda zai sa idonsa. Yari ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makaranta. Kunya ta rufe shi har ya kasa yi wa Husna sallama.

Da la'asar ya iske yayan nasa a rumfa yana wasa wuƙa. Ya sa ɗan sandan da ya rako shi ya ɗaga tabarma, ya zazzage kwando. Wani hatimi na can ƙasa, naɗe a tsumma. Aka buga shi a takarda, layukan suka fito.

"Yaya, na Malam a goge yake, naka ba a goge ba. Mazubi guda ne ke ba da layukan ga, kai ka karɓe shi, da sunana."

Yari bai musa ba. "Ciwo ya kashe shanu a ƙauyukan Maiyama, ana ba da su a banza. Shaiɗan ne, Mamuda."

"Dattijo na can a kulle sabili da kai. Ni na sa mai ankwa gaban jama'a."

Yari ya miƙo hannuwansa da kansa. Mamuda ya ciro ankwar. Gobe zai tsaya a kasuwar nan, a inda ya wulaƙanta Ubaidullah, ya roƙe shi gafara da babbar murya. Amma akwai tambaya ɗaya da ta rage masa.

"Naman sunan ɗiyata, ran Juma'a, wanda kac ce gudummawarka ce. Liman ya ci, maƙwabta sun ci, mai jego ta ci. Yaya, shi ma?"

Yari ya sunkuyar da kai.