Ruwan Zafi a Bakin Ƙofa

Rana ta yi ja a bayan injin shinkafa, ladanai sun fara kiran magariba. Alhaji Mele yana tsugune a tsakar gidansa yana alwala. Matarsa Suwaibatu tana kwashe tuwo a kicin, 'yarsu Mutmainna kuma tana sauke wanki daga igiya. Kwanansu goma sha tara ke nan a gidan.

Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ya sauka kusa da buta. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. Mele ya fita da ruwa a gemunsa yana neman wanda zai yi wa faɗa. Ba kowa a layin sai wata tsohuwa Ba'indiya tana kunna fitila a ƙofarta. Da ya dawo ya ɗauki dutsen farko, ya yi saurin sakinsa. Zafi gare shi kamar an ciro shi daga murhu.

Ya yi sallarsa.

Gidan a bakin gari yake, ta hanyar Azuba, wurin da ake kira Layin Indiyawa. Injiniyoyin injin shinkafa ne suka cika shi, su da iyalansu. Da yamma ƙamshin turare da na yaji yakan rufe layin duka. Mele mai sayar da kayan babur ne, shekara ashirin yana zaman haya a cikin Lafia. Da ya ji wani Ba'indiye mai suna Rao zai koma ƙasarsu yana sayar da gida, bai nemi shawarar kowa ba. Ƙofar gidan ce ta ja shi: babba, tana kallon titi, ga dakali mai faɗi inda ya yi niyyar kafa shago.

Ranar karɓar makulli ya tarar da farin zane a ƙasa gaban ƙofar, ɗigo-ɗigo da layuka suna zagaye juna. Matar Rao ta nuna zanen, ta yi doguwar magana da Turancin da bai kama ba. Doose, 'yar Tibi da ta shekara shida tana yi musu girki, ita ta fassara da gurguwar Hausarta.

"Madam ya ce garin shinkafa ne. Kullum safe yana zuba. Ya ce kar ku bar ƙofa babu komai, masu ci suna nan."

"Su wa?"

"Tururuwa mana, Alhaji."

Mele ya ce shi Musulmi ne, ba a zane-zane a ƙofarsa. Ya sa aka share.

Tun ranar dutsen nan, magariba ba ta ƙara wucewa lafiya ba. Duwatsu uku, ba ƙari ba ragi. In sun gama sauka sai a ji murya ƙasa-ƙasa daga wajen dakali, muryar mace, tana kiran Suwaibatu kamar maƙwabciyar da ta zo aron turmi. In an leƙa, ba kowa.

A rana ta biyar Suwaibatu ta ajiye wa Mutmainna kofin shayi. Yarinyar ta ga tururi yana tashi, ta ja da baya har ta bugi bango. Daga nan ta daina cin komai mai ɗumi, bayan kwana biyu ta daina cin komai. Jikinta ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. A asibiti an ɗebi jini, an ce ba a ga zazzaɓi ba. Da rana tana kwance kamar tsumma. Rana na faɗuwa sai ta miƙe, ta je ta zauna a dakali, maza biyu ba sa iya ɗaga ta. Yarinyar da shekararta goma sha huɗu.

Mele ya je Kwandere da kansa ya ɗauko Malam Ashemi a babur. Tsoho ne ƙanƙane, ba ya yawo da komai sai carbi da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ya zagaya gidan sau ɗaya, ya tsaya a dakali ya daɗe yana kallon wani ɗan rami a gindinsa. Ya ce a shimfiɗa masa buzu a nan, zai jira magariba.

Haske ya janye. Layin ya yi tsit, ko ƙararrawar ibada ta gidajen Indiyawa ba a ji. Mutmainna ta fito ta zauna a inda ta saba. Malam ya fara da Ayatul Kursiyyu, ya shiga Suratul Jinn, bai ɗaga murya ba. Mele yana riƙe da kafaɗar 'yarsa, yana jin ƙasusuwanta suna rawa a tafinsa. Can sai ta yi dariya, dariyar da ba tata ba.

"Ka tsufa, Ashemi. Rabin ayar a haƙoranka take maƙalewa."

"Rabin da ya fito ya ishe ki," in ji Malam. "Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Ku tambayi mai tuwo."

Suwaibatu tana tsaye a bayan ƙofa, mayafi a bakinta. Mele ya juyo.

"Maman Mutmainna, me kika yi?"

"Ban yi komai ba, Alhaji. Tururuwa ce. Tun da aka share garin nan suka yi layi har kicin, sukari, mai, har cikin tulu. Sai na tafasa ruwa na zuba a raminsu."

"Da yaushe?" in ji Malam.

"Ana kiran magariba."

"Kin yi Bisimillah?"

Ta girgiza kai.

Muryar ta sauko, ta yi nauyi. "Tun nan yana gonar doya muke zaune a wurin nan. Baƙuwar da ta tafi ba ta san da mu ba, tururuwarta take ciyarwa. Amma ba ta taɓa zuba mana wuta ba, kuma kowa ya zo tsallake zanenta yake yi, ba ya taka mu. Ɗana yana kwance a bakin ramin. Bayansa duk ya saɓule. Fata da fata, Ashemi. Ta 'yarta nake so."

Malam bai motsa ba.

"Ba ta gan shi ba. Ke kina ganinmu, mu ba ma ganinku. A wace shari'a ake yi wa makaho ƙisasi don ya taka abin da bai gani ba? Ɗan naki yana da rai?"

"Yana numfashi."

"To ki gode wa Allah, ki saki ta mutane."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana shafa dakalin.

"A dawo da garin. Kullum da safe."

"A'a," in ji Malam. "Waccan don tururuwa ta yi. Mu in mun zuba yanzu, don ke muka zuba, wannan kuwa ba za mu yi ba ko da za ki ƙone gidan. Nemi wani abu."

"To ƙofar. Kada ƙafar mutum ta ƙara takawa nan. A toshe ta. Ku ci gidanku, mu ci dakalinmu."

Malam ya dubi Mele. Mele ya dubi ƙofar, ya dubi titin da babura suke wucewa da fitilunsu.

"Gobe zan kira magini," ya ce.

"Gobe bakin mutum ne," in ji muryar. "Sai na ji bulo ya zauna."

Akwai bulon da ya saya don shagon, an jera shi a gefen katanga. Mele ya tuɓe babbar rigarsa. Ya kwaɓa siminti a cikin daro da hannunsa, ya ɗauko bulo ya ɗora a tsakiyar ƙofar, ya ce Bisimillah da ƙarfi. Ya ɗora na biyu. Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta ba za ta ƙara taɓa kowa a gidan ba. Ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa, kada ta bi ta ido ko kunne. Ƙafar Mutmainna ta hagu ta yi karkarwa, ta miƙe, ta saki. Mele ya tare ta kafin kanta ya kai ƙasa, ya ɗauke ta ya tsallake bulon da ita zuwa cikin gida. Jikinta ya yi sanyi, gumi ya jiƙa rigarta.

Ta buɗe ido ta nemi ruwa. Suwaibatu ta faɗa kanta tana kuka, tana kiran sunanta, tana salati. Mutmainna ta ɗora mata yatsa a baki, ta karkata kai wajen dakali.

"Mama, yi a hankali," ta ce. "Yaron nan yanzu ya samu barci."